Shafin Intanet na Ƙashin Kai: A Kwamfutar Gida Ko a Masaukin Haya?

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, ɗan yayata, wanda ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jos, ya shigo mini da wata tsohuwar laftof a hammata, allonta ya tsage daga kusurwa guda, ya ajiye ta a kan tebur ya ce: "Kawu, so nake in mayar da wannan saba, in ɗora shafina a kanta, in huta da biyan kowa ko sisin kwabo." Shafin da yake nufi ba wani babba ba ne, domin bai wuce tarihin karatunsa da ayyukan da ya yi a makaranta da hotunan da yake ɗauka a duwatsun Shere da na Riyom da magangarar ruwa ta Assop ba. Ban hana shi ba, don ni ma na taɓa yin haka, amma na ce masa mu zauna mu yi lissafi tukuna, saboda kalmar "kyauta" da yake hange tana ɓoye abubuwa da yawa, kuma lissafin mutumin Jos ba zai zo daidai da na wanda yake bin darasinsa a YouTube daga Amurka ba.

Asalin al'amarin mai sauƙi ne. Shafin intanet tarin fayiloli ne da ke zaune a kan wata kwamfuta wadda ba a kashe ta, tana jiran duk wanda ya nemi fayilolin ta miƙa masa, kuma ita ce ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Kowace kwamfuta tana iya wannan aiki muddin aka sanya mata manhajar da ta dace, kamar Apache ko Nginx, waɗanda duk kyauta ne. Shafin farko a duniya ma a kan kwamfutar ofis yake, wadda Tim Berners-Lee ya yi amfani da ita a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, aka buɗe shi ga jama'a a 1991, kuma a jikin kwamfutar an manna takarda da rubutun hannu ana gargaɗin kada kowa ya kashe ta domin saba ce. Wannan 'yar takarda ta ƙunshi sharaɗin farko na sana'ar, wato kada a kashe, kuma a nan ne mazaunin Jos zai fara cin karo da matsala.

A tsarin da NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta shimfiɗa, an kasa masu amfani da lantarki rukuni-rukuni, inda 'yan rukunin A ke da alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, na B awa 16, na C awa 12, har zuwa na E masu awa 4. Ko da mutum yana rukunin A kuma an cika masa alƙawari cif, zai iya rasa wuta awa huɗu a kullum, wato awa 120 a wata. Kamfanonin ba da masauki kuwa, wato masu ba da hayar wurin ajiye shafi a kan sabarsu, galibinsu suna tallata cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, abin da ke nufin katsewar da ba ta kai awa tara ba a shekara guda cur. Ba kowane kamfani ke cika wannan ba, amma tazarar da ke tsakanin awa tara a shekara da awa 120 a wata ta yi girman da ba ta buƙatar gardama. Sannan babu wanda ya manta da watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Duk da haka, a ganina wuta ba ita ce babbar katangar ba, domin matsala ce da kuɗi kaɗan da dabara ke maganinta. Abin lura shi ne irin na'urar da aka zaɓa. Kwamfutar tebur mai jan wat 60, idan aka bar ta a kunne awa 720 na wata, za ta ci yunit 43 a mita, kuma a farashin naira 225 na kowane yunit da aka yanka wa rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya kusa naira 9,700. Tsohuwar laftof mai jan wat 20 za ta ci kimanin yunit 14, wato naira dubu uku da 'yan kai. 'Yar ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana jan kamar wat 5, wato ƙasa da yunit huɗu a wata. Idan aka haɗa ta da rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, mai jan wat 10, batir guda mai bolt 12 da ƙarfin 100Ah zai iya riƙe su kusan awa 40 ko da rabin cajinsa kawai aka yi amfani da shi, kodayake inbata za ta ci nata rabon a hanya. Wanda ya riga ya sa sola a gidansa, to wannan ɓangare ya kusa ƙarewa a wurinsa. Jos ma tana da wata falala da Kano ko Maiduguri ba su da ita, wato sanyin tsauni da ke hana na'ura yin zafi, sai dai ƙurar hunturu tana toshe fankar laftof, tsawar damina kuma tana iya biyo waya ta ƙona rawuta da duk abin da ke jone da ita.

Katangar gaske ita ce adireshi, kuma ita ce darussan ƙasashen waje suka fi tsallakewa. Kafin baƙo ya iso sabar da ke ɗakinka, dole ne gidanka ya kasance da lambar IP ta fili, wato adireshinsa a intanet, wadda duk duniya za ta iya ƙwanƙwasawa. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, bai wuce lambobi biliyan 4.3 ba, kuma tuni suka yi ƙaranci, saboda haka kamfanonin sadarwa, musamman na layin waya, suke tara ɗaruruwan masu amfani a bayan lamba guda ta hanyar wata dabara da ake kira CGNAT. Misalinsa shi ne babban gidan haya mai ƙofa ɗaya da maigadi: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo daga waje yana neman ka ba a san ɗakin da za a kai shi ba, sai a mayar da shi. Yawancinmu a Jos da layin waya muke shiga intanet, ko ta wayar kanta ko ta 'yar rawutar da ake sa wa sim, kuma Starlink ma, wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, da CGNAT take aiki a tsarinta na gidaje. Gwajin ba shi da wuya: mutum ya shiga saitin rawutarsa ya duba lambar da kamfani ya ba ta, sannan ya tambayi Google lambar IP ɗinsa. Idan lambobin biyu suka bambanta, ko kuma ta rawutar ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 a farkonta, to buɗe ƙofa ta 80 da ta 443 a rawutar, wato kafofin da baƙi ke bi su iso shafi, ba zai amfana komai ba. Ɗan yayata ya yini biyu yana wannan fama kafin ya zo wurina, yana zaton shi ne ya yi kuskure a saiti.

Akwai mafita iri biyu. Ta farko ita ce a ja wayar intanet ta faiba zuwa gida a nemi kamfanin ya ba da tsayayyiyar lambar IP, abin da galibi ake biya daban, kuma faibar ba ta kai kowace unguwa ba, domin abin da mazaunin Rayfield zai samu ba lalle ne na Unguwar Rogo ya same shi ba. Ta biyu ita ce a yi amfani da hanyar da kamfanin Cloudflare ke bayarwa kyauta, inda sabar gida ce take fita ta ƙulla alaƙa da na'urorinsu, su kuma su riƙa karɓar baƙi suna turo mata ta wannan kafa. Dabarar tana aiki da kyau, har tana ɓoye lambar gidan mutum daga idon jama'a, amma ya kamata wanda ya ce ya zaɓi gida ne don kada ya dogara da kowane kamfani ya lura cewa ya koma dogaro da kamfani ta ƙofar baya.

Batun data gajere ne. Kowane hoto da baƙo ya buɗe daga datar mai shafin yake fita, ta yadda shafi mai nauyin megabait biyu idan aka buɗe shi sau dubu ya cinye gigabait biyu, kuma saurin turawa a layukan gida ya saba kasancewa ƙasa da saurin saukewa. Ga mai ɗora hotuna masu nauyi irin na yaron nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai tsaro, wanda ya fi komai cin lokaci. Da muka sami hanyar buɗe laftof ɗin ga duniya na 'yan kwanaki don gwaji, na sa shi ya buɗe kundin da na'urar ke rubuta duk wanda ya yi yunƙurin shiga. Ya daɗe yana gungurawa ƙasa layi bayan layi, lambobi daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba suna gwada sunaye da kalmomin sirri na gama-gari, sai ya ɗago ya ce: "Kawu, ai ban gaya wa kowa adireshin ba tukuna." Na ce masa ba mutane ba ne, manhajoji ne da ke zagaye intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa ko za a dace da wadda aka bari a buɗe. Haɗarin sabar gida ya fi na haya ta fuska guda, domin idan aka kutsa cikinta an shigo cikin gidan ke nan, inda wayoyin iyali da kwamfutar da ake shiga banki da ita duk suke kan rawuta ɗaya. Wanda ya zaɓi wannan hanya dole ne ya riƙa sabunta manhajojinsa a kai a kai, ya rufe shiga da kalmar sirri ya koma amfani da mabuɗin sirri, wato fayil na musamman da ke kan kwamfutarsa kaɗai, ya ware sabar daga sauran na'urorin gida, ya kuma kula da takardar shaidar tsaro da ke sa ɗan kwaɗon nan ya bayyana a gefen adireshi. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt tana ba da takardar kyauta, da wa'adin kwana 90 da aka saba, kuma tun 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro.

Bayan duk wannan, ba adalci ba ne a ce sabar gida ba ta da riba. Babbar ribarta ilimi ne, irin wanda aji ba ya bayarwa. Wanda ya kafa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, da hannunsa, ya saita Nginx, ya yi kuskure shafin ya mutu da tsakar dare ya tashi ya gano dalili, ya san abin da masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni suke nema. Na biyu shi ne sarari, domin faifan ajiya mai terabait guda da aka saya sau ɗaya zai ɗauki hotuna da bidiyon da hayar wurinsu a wajen kamfani za ta ci kuɗi kowane wata. Na uku shi ne iko, tunda babu mai sauya maka farashi ko ya rufe maka asusu da safe. Akwai kuma ayyukan da ba sa buƙatar duniya ta gan su, kamar taskar littattafan makarantar Islamiyya ko ajiyar hotunan iyali, waɗanda za su iya zama a sabar gida ana shiga ta waya a cikin gidan ko da babu data, kuma a irin wannan duk matsalar adireshi ta kau.

A ɗaya ɓangaren, masaukin haya ba abu guda ba ne, kuma rashin bambance nau'o'insa ne ke sa mutane biyan kuɗin abin da ba sa buƙata. Mafi yaɗuwa shi ne masaukin tarayya, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kan saba ɗaya, kamfani yana kula da na'ura da wuta da tsaron manhaja, kai kuma a ba ka allon sarrafawa da za ka danna maɓalli ka kafa manhajar gina shafi ta WordPress cikin minti kaɗan, har da akwatin imel mai ɗauke da sunan shafinka. Wannan batun imel yana da muhimmanci, domin saƙon da ya fito daga lambar IP ta gida manyan kamfanonin imel kan ƙi karɓarsa ko su jefa shi kwandon shara. Illar tarayya ita ce maƙwabci, domin idan wani shafi ya cika na'urar da aiki kowa zai ji a jikinsa. Sama da shi akwai VPS, wato yanki na saba da aka keɓe maka kai kaɗai, kana da cikakken iko a kansa kamar na gida, a kamfanoni irin su DigitalOcean inda mafi ƙanƙanta ke farawa daga dala huɗu a wata, ko Hetzner na Jamus. Duk aikin tsaron da aka ambata yana kanka a VPS, sai dai an ɗauke maka wuta da adireshi da tsawa.

Nau'i na uku shi ne wanda na fi son masu ƙananan shafuka su sani, domin shi ne ke rushe hujjar kuɗi gaba ɗaya. Shafin da ba ya buƙatar rumbun bayanai, ba a yin rajista ko sayayya a cikinsa, rubutu ne da hotuna kawai, ana iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages ko Cloudflare Pages ko Netlify, tare da takardar tsaro, kuma a ɗaura masa sunan da mutum ya saya. GitHub Pages ta iyakance girman shafi zuwa gigabait guda, wanda ya wadatar idan an rage nauyin hotuna. Tunda babu manhajar da ke gudana a bayan irin wannan shafi, masu kutse ba su da abin kamawa sosai. Yawancin abin da muke kira shafin ƙashin kai, na ɗalibi ko malami ko marubuci, ko na badukun Naraguta da ke son nuna takalma da jakunkuna tare da maɓallin WhatsApp, a wannan rukuni yake.

Ga wanda zai biya, tambayar kuɗin da za a biya da shi ta fi ta yawan kuɗin nauyi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500, ma'ana hayar dala huɗu ta ninka fiye da sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Haka kuma an yi lokacin da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, mutane suka koma neman katin dala don kawai kada shafinsu ya rufe. Kamfanonin cikin gida suna karɓar naira ta tiransifa, ana kuma iya kiran su a waya, amma yana da kyau a tambaye su inda na'urorinsu suke, domin wasu sari suke yi daga Turai ko Amurka su sayar a nan, wasu kuma suna da nasu a cibiyoyin ajiyar bayanai na Legas. Bambancin ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk abin da ke zaune a ƙetare ya yi wuyar samu daga Najeriya. A kuma karanta farashin sabuntawa kafin a yi murna da rangwamen shekarar farko, domin araha ba ta ado.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da ke hannun kamfani ba ya salwanta. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa bayanansu har abada. Kyauta ma tana ƙarewa: Yahoo ta rufe GeoCities a 2009 da ɗimbin shafukan jama'a a ciki, Heroku kuma ta janye tsarinta na kyauta a 2022. Saboda haka kwafin ajiya wajibi ne a kowane ɓangare, a gida ko a haya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Daidai da shi a muhimmanci shi ne sunan shafin. Hukumar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, ana kuma sayen su ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma .com.ng ya fi .ng zalla araha. Na ga 'yan kasuwa a garin nan da suka bar wanda ya gina musu shafi ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, da aka ɓata sai suna ya tafi da shi. Muddin sunan yana hannun mai shi, sauya masauki aikin yini guda ne.

Wanda shafinsa zai riƙa karɓar sunaye da lambobin waya da adireshin abokan ciniki yana da ƙarin dalilin nisantar laftof ɗin ɗaki, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. A nan shawarata masaukin tarayya ne na kamfani mai mutunci, ko VPS idan akwai wanda ya iya kula da shi. Mai son koyo ya kafa sabarsa a gida, ya lalata ta ya gyara son ransa, amma kada ya rubuta adireshinta a takardar neman aiki, domin mai ɗaukar ma'aikata a Abuja ko Legas sau ɗaya zai danna, idan bai buɗe ba ya wuce na gaba.

Abin da muka tsayar da ɗan yayata ke nan. Ya sayi suna mai .com.ng ya yi rajistarsa da imel ɗin kansa, ya rubuta ranar sabuntawa a kalandar wayarsa, ya rage nauyin hotunan ya ɗora shafin a GitHub Pages. Laftof ɗin kuwa mun cire mata batir, wanda muka tarar ya kumbura har ya fara ɗaga madannai, muka jona ta da inbatar gidansu, yana gwaje-gwajensa a kanta. Ya manna mata takarda a murfi da jan biro cewa kada a kashe, amma a mako na biyu mahaifiyarsa ta zare fulogin ta sa dutsen guga, domin a cewarta ba ta ga wanda ke amfani da kwamfutar ba. Yanzu ya mayar da ita saman kabad, ya ja mata soket nata daban.